Haɗarin Sauyin Kuɗin Ruwa: Abin da Mai Cin Bashin Banki Ya Kamata Ya Sani

Manomin masara a Doguwa ko ɗan kasuwar shinkafa a Tudun Wada, idan ya je banki neman bashi, tambaya ɗaya yakan yi: nawa ne kuɗin ruwan? Akwai wadda ta fi ta nauyi: adadin nan tsayayye ne har ƙarshen wa'adi, ko banki na iya ƙara shi?

Da Turanci ake rubuta takardun bashi, kuma sau da yawa akwai sharaɗin da ya ba banki damar sauya kuɗin ruwa idan kasuwa ta juya. Nan haɗarin yake. Ma'aunin da bankuna ke bi daga Babban Bankin Najeriya yake fitowa. A farkon 2024 yana kashi 18.75 cikin ɗari. A Fabrairu aka ɗaga shi zuwa 22.75, a Nuwamba ya kai 27.5, don a daƙile tashin farashi. Bankunan kasuwanci kuwa sai sun ɗora nasu a kai. Rasha ta ga wanda ya fi haka: a ƙarshen Fabrairun 2022, kwanaki kaɗan da fara yaƙin Yukren, babban bankinta ya ɗaga nasa daga 9.5 zuwa 20 a rana guda.

Ga lissafin. Wanda ya ci naira miliyan biyu ya sayi taki da iri, aka ƙara masa kashi biyar cikin ɗari, dubu ɗari ce ta hau kansa a shekara. Masu sayen hatsi a Kwanar Dangora ba ruwansu da wannan, farashin da ke kasuwa za su ba shi. Mai noman rani da ruwan Tiga, da yake bashinsa na 'yan watanni ne, da sauƙi. Wanda ya fi shiga uku shi ne mai sayen hatsi da kaka da kuɗin banki ya ɓoye: kullum ruwa na hawa, farashi kuma ba dole ne ya tashi ba.

Da yawa daga mutanenmu gudun riba ke hana su kusantar banki. Bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna da tsarin murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar maka da ribar da kuka yanke tun farko, ba ta ƙaruwa. Sai dai kada a zaci araha ce. Bankin ya san kasuwa na iya juyawa, don haka yakan sa wannan cikin lissafi tun ranar cinikin.