Matatar ruwan tafkin kifi

Matatar ruwan tafkin kifi tsari ne da ake haɗawa da ƙaramin tafki na gida domin ya cire datti da gubar da ke taruwa a ruwan, ya sake mayar da shi ga kifayen. Ana amfani da ita a tafkunan kifin ado da kuma tankunan siminti ko na tamfol da ake kiwon tarwaɗa a cikinsu. Kalmar ta fito ne daga aikatau "tace", kamar yadda take a "matatar mai". A rubuce ta yi daidai da "matata" ta mai nufin iyalinsa, tsawon wasalin farko ne ya raba su a baki.

Asali

Kiwon kifi don ado ya daɗe a gabashin Asiya. A ƙasar Sin an fi shekara 1,000 ana kiwon jan kifin nan mai ruwan zinariya, shi kuma koi manoman yankin Niigata na Japan ne suka fitar da launukansa a ƙarni na 19, ya yi suna bayan an baje shi a Tokyo a 1914. A ƙasar Hausa abin ya sha bamban. A kudancin Jihar Sakkwato, a garuruwa irin su Jabo da Tambuwal da Kebbe, kifi abinci ne da ake samu daga gulbi da tafkunan fadama, kuma wanda ya gina tanki a bayan gida galibi tarwaɗa yake zubawa don ci ko sayarwa. Kifin ado sai a otal-otal da wasu manyan gidaje na birane. Sai dai matsalar ruwan iri ɗaya ce, ko koi ne a ciki ko tarwaɗa.

Abin da ke lalata ruwan

A gulbi ruwa yana tafiya da dattinsa. A tanki kuwa komai yana nan inda ya faɗa: kashin kifi, ragowar abinci, ganyaye da ƙurar hunturu. Wannan shi ne dattin da ido ke gani, kuma shi ne mai sauƙi. Mai haɗarin shi ne sinadarin amoniya, wanda kifi ke fitarwa ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa, kuma ruɓewar abinci na ƙara shi. Ba shi da launi. Ruwa na iya zama garau har ana hango ƙasan tanki alhali yana kashe kifi.

Ƙarfin gubar amoniya ya danganta da zafin ruwa da kuma ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwar ruwa. A ruwa mai zafin digiri 30, idan pH yana kan 7, ɓangaren amoniya mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ya kai wajen kashi 7, a kan 9 kuwa ya kusa rabi. Wannan ya shafi mai kiwo a Sakkwato ta fuska biyu. Zafin bazara a watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, kuma sabon siminti yana ɗaga pH sosai. Shi ya sa ake cika sabon tanki da ruwa a bar shi ya jiƙa, a zubar, a maimaita, kafin a saka kifi.

Yadda take aiki

Matakin farko shi ne tare datti. Famfo yana jan ruwa ya bi ta soso ko raga ko tsakuwa, ko kuma ya shiga wani mazubi inda zai lafa har laka ta kwanta a ƙasa.

Mataki na biyu shi ne ainihin aikin, kuma halittu masu rai ne ke yin sa. Wasu bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta zama naitirait. Wasu kuma, irin su Nitrobacter da Nitrospira, su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda gubarsa kaɗan ce, har ma taki ne ga shuka. Masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, su ne suka nuna a 1877 cewa halittu ne ke yin wannan juyi, sannan Sergei Winogradsky ya bayyana bakteriyar da ke yin sa a wajen 1890. Bakteriyar ba yawo suke a ruwa ba, manne suke a jikin abu, don haka duk abin da ke cikin matata, tsakuwa ce ko gutsattsarin roba, gida ne kawai aka tanadar masu. Suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wanda ya cika sabon tafki da kifi a rana ɗaya yakan yi asara a waɗannan makonni, musamman lokacin da naitirait ya hau: yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin, sai a ga kifin yana haki a saman ruwa. Gishiri kaɗan yana rage wannan illa.

Akwai kuma ƙarin abubuwa da ba dole ba ne. Gawayi yana rage wari da launi na ɗan lokaci. Fitilar UV tana kashe gansakukar da ke mayar da ruwa kore, amma ba ta taɓa amoniya. Bado da kainuwa suna shanye naitiret kuma suna yin inuwa, sai dai kainuwa na rufe tafki idan ba a rage ta.

Iska da wutar lantarki

Bakteriyar matata suna buƙatar oksijin mai yawa, wajen giram 4.6 ga kowane giram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya da suka juya. Ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, amma 7.5 kacal a digiri 30. Idan famfo ya tsaya na sa'o'i da yawa, iskar da ke cikin matata ta ƙare, bakteriyar su fara mutuwa, ruwan da zai fito bayan an kunna ya zo da warin ruɓaɓɓen ƙwai. A inda wuta ba ta tsayawa, ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana da batir ya fi babban inji mai jiran lantarki amfani. A tafkin ado an saba zaɓar famfon da zai zagaya da dukkan ruwan cikin awa ɗaya zuwa biyu.

A nan ne tarwaɗa ta bambanta. Tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, don haka tana jure ruwan da zai kashe koi ko karfasa. Wannan juriya ce ta sa yawancin masu kiwonta ba sa damuwa da matata, sai dai su zubar da ruwa su zuba sabo daga rijiyar burtsatse. Hanyar tana aiki, amma tana cin ruwa da man inji, kuma jurewar kifin ba ta nufin yana girma yadda ya kamata.

Haɗawa da kulawa

Ana iya haɗa matata a gida da duro biyu na roba. Na farko don laka ta kwanta, da mafita a ƙasansa, na biyu a cika shi da tsakuwa wankakkiya ko guntayen roba, ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama ya zubo cikin tafki daga ɗan bisa, domin zubowar tana ƙara iska. Duron da aka taɓa ajiye mai ko maganin feshi a ciki bai dace ba. Yashi mai laushi kuma yana toshewa da wuri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne wanke matata fes da sabulu ko da ruwan famfo mai kilorin, wanda ke kashe bakteriyar a koma farko. Ɗauraya ake yi da ruwan tafkin kansa, ɓangare ɗaya a lokaci guda. Duk da matata, ana canja kamar kashi 10 zuwa 20 na ruwan kowane mako, kuma wanda aka fitar ana iya ba wa zogale ko albasa a lambu.