Ajiyar darussa a ajin zamani: abubuwan da ya kamata ka sani

Allo mai haske, majigi da kwamfutar hannu duk daga wata ma'ajiya suke ɗauko darasi. A makarantar da ke dogaro da sola, irin ma'ajiyar da aka zaɓa na cikin abin da zai sa batir ya kai tashi ko ya mutu kafin azahar.

HDD ko SSD?

A cikin ma'ajiya irin ta HDD akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, kuma muddin yana juyi yana shan wuta, ko da ba a buɗe komai ba. Babba irin na kwamfutar tebur yakan ci wat 5 zuwa 8. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Idan ba a aiki da shi wutar da yake sha kaɗan ce ƙwarai. Matsalarsa tsada.

Kwafi ɗaya ya ishi aji

Nan ne ainihin tanadin yake. Maimakon a loda wa kowace na'ura bidiyo iri ɗaya, ko ɗalibai arba'in su yi ta jan sa daga intanet, sai a ajiye kwafi ɗaya a ƙaramar kwamfuta, ta raba wa kowa ta waifai. Raspberry Pi 4, irin wannan ƙaramar kwamfuta da ya fito a 2019, wat 3 zuwa 7 yake ci, kusan daidai da ƙwan fitilar LED guda. A kansa ake ɗora manhajar darussa Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality, ko Kiwix, wanda tun 2007 yake ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa.

Bidiyo

Bidiyo shi ne mai cinye wuri. Tsarin matsewa na H.265 yakan rage girman fayil kusan rabi idan aka gwada da H.264. Sai dai tsohuwar na'urar da ba a ƙera ta don buɗe shi ba za ta yi zafi, ta zuƙe batir. A duba na'urorin ajin tukuna.

Ɗaukewar wuta

Katin memori da ake sa wa ƙaramar kwamfutar ba ya jure ɗaukewar wuta. Idan wuta ta tafi ana tsakar rubutu a kansa, yana iya lalacewa da darussan zango guda. Ƙaramin batir da zai ba na'ura damar kashe kanta a tsanake ya fi sabon kati muhimmanci. A nan HDD yake da rana: a kwafe komai a kansa duk mako, a cire shi a sa a durowar shugaban makaranta, nesa da zafin kwano da ƙurar hunturu.