Faisceau: jam'iyyar da ta mutu da ƙuruciya, aƙidarta ta iso Damargu

Ranar 11 ga Nuwamba 1925, wani marubuci mai suna Georges Valois ya kafa jam'iyyar Faisceau a Paris. Ita ce ta farko a Faransa da ta fito fili ta ce sawun fasisancin Musolini na Italiya take bi. Manufarta a taƙaice: a rufe majalisa, a miƙa ƙasa ga shugaba ɗaya mai ƙarfi, tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya su zama ƙashin bayan mulki. Magoya bayanta shuɗiyar riga suke sawa, suna maci kamar soja, jaridarsu kuwa Le Nouveau Siècle.

Talauci da tsoro ne suka yi mata kasuwa. Darajar kuɗin faran ta zube, gwamnatoci na ta faɗuwa, attajirai na fargabar ƴan kwaminis. Shi ya sa masu kuɗi irin su François Coty, mai kamfanin turare, suka buɗe mata bakin aljihu. Da Raymond Poincaré ya karɓi gwamnati a Yulin 1926 ya tsai da faran, sai attajiran suka ja zaren jakarsu. Dama auren bai yi ba tun farko: Valois na maganar haƙƙin ma'aikata, masu ɗaukar nauyinsa kuwa sandar dukan ma'aikata suke nema. A 1928 jam'iyyar ta watse.

Amma an kashe maciji ba a sare kansa ba. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, Marshal Pétain ya kafa gwamnatin Vichy a kan ƙin majalisa da bautar shugaba. Gwamna Janar Pierre Boisson a Dakar ya riƙe mata Afirka ta Yamma, har da Nijar, zuwa Nuwamban 1942. Ke nan kumandan da ke karɓar haraji da gero a Tanut, cikin yankin Damargu na Nijar, umarnin Vichy yake bi, Kano kuwa, kasuwar fataken Damargu tun kaka da kakanni, tana hannun Ingila abokiyar gaba. Aikin dole da Faransa ke ɗora wa mutanen yankin ya girmi Vichy, gaskiya ne, sai dai a shekarun yaƙin ya ƙara tsanani, kuma sai a 1946 aka soke shi.

Valois kansa ya juya wa fasisanci baya, ya shiga sahun masu yaƙar mamayar Jamus. Ƴan sandan Gestapo na Jamus suka kama shi a 1944, ya mutu a sansanin Bergen-Belsen a Fabrairun 1945. Tsohon yaronsa Marcel Bucard, wanda ya yi wa Hitler aiki, an harbe shi a 1946 bayan shari'a.