Kunne da lamba wajen sayen lasifika a Magarya da Dungas

Lasifika kayan aikin yau da kullum ce a Magarya da Dungas na jihar Damagaram. Da ita ake kiran salla da wa'azi, ita mai tallar magani ke ɗaurawa a babur ranar kasuwa. Yawancin kayan daga Kano suke shigowa, kuma mai saye yana da shaidu biyu: rubutun da ke jikin kwali, da kunnensa.

Lambar da aka fi bugawa ɓaro-ɓaro ita ce wat, sai dai wat iri biyu ne. Mai alamar PMPO ƙarfi ne na ƙiftawar ido, ba shi da tsayayyar ƙa'idar awo. Mai alamar RMS shi ne ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki. Ko shi ma ba ya nuna ƙara kai tsaye: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, sai an ninka shi sau 10 sannan kunne ya ji ƙarar ta ninku biyu.

Kunne ma yana ruɗuwa. In aka kunna lasifika biyu, wadda ta fi ƙara ake ɗauka ta fi kyau, kuma bangon shago yana ƙara wa sauti kauri. Alhali maganar mutum tana fahimtuwa ne galibi tsakanin haz 300 zuwa 3,400 a ma'aunin kauri da sirantar sauti, shi ya sa lasifikar ƙaho, duk da siririyar muryarta, take kai kiran salla ƙarshen gari. Gwajin gaskiya a fili ake yin sa: a daidaita ƙarar, a sa karatun Alƙur'ani, a ja baya kamar taku hamsin, a ji ko haruffan sin da shin suna rarrabuwa, sannan a ɗaga sauti har inda murya ta fara tsagewa.

Akwai kuma abin da kunne ba ya ji sai ɓarna ta auku. Lasifika biyu masu om 8 (ma'aunin turjiya ga lantarki), in aka haɗa wayoyinsu gefe da gefe a amfilifaya ɗaya, om 4 suke komawa. Amfilifayar da ba a ƙera ta don haka ba za ta ɗau zafi ta ƙone, balle a tsakiyar bazara. A ƙauyukan da ke dogara da batirin sola kuwa, wajibi ne a duba ko na'urar tana karɓar bolt 12.

Saboda haka lamba ce ke nuna ko kayan za su dace da juna su jure aiki, kunne kuma shi ke yanke hukunci kan ko jama'a za su gane abin da ake faɗa. Kada mai saye ya biya kuɗi sai ya tabbatar da duka biyun.