Ko Kun Sani? Omeprazole Yana Da Lokacin Shansa

Mutane da yawa sai ƙwarnafi ya taso musu, ƙirji na zafi, ruwa mai tsami na hawowa maƙogwaro, sannan su haɗiyi omeprazole suna jiran sauƙi nan take. Ba haka yake aiki ba. Wannan magani, da kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fitar a ƙarshen shekarun 1980, ba ya kashe asid ɗin da ya riga ya taru a ciki. Abin da yake yi shi ne toshe ƙananan famfunan da ke jikin tumbi masu fitar da asid, kuma sai abinci ya tashe su yake samun damar kama su. Shi ya sa ake shansa da ruwa minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, mai azumi kuma kafin sahur. A haɗiye ƙwayar ɗungurungum, kada a tauna. Cikakken amfaninsa kan ɗauki kwana 1 zuwa 4.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayensa a kemis su shafe watanni suna sha. Idan ba likita ya rubuta ba, kada a wuce kwana 14, domin daɗewa a kansa na iya rage bitamin B12 da maganiziyam a jiki. Mai shan maganin clopidogrel ya tambayi likita tukuna. Baƙin bayan gida, aman jini, wahalar haɗiya, rama ba dalili, ko ciwon ƙirji mai sauka hannu, waɗannan na asibiti ne, a tafi ba tare da jinkiri ba.