INDA KWALEKWALE KE KWANA IN HUNTURU YA KAMA

A ƙasashen Turai, irin su Ingila da Suwidin, da zarar sanyi ya gabato sai mai ƙaramin jirgi ya fid da shi daga ruwa, ya tsiyaye injin, ya lulluɓe shi da tamfol, don gudun kada ƙanƙara ta fasa shi. Mu nan ba mu san ƙanƙara ba, amma muna da hunturu, kuma ɓarnar da yake yi wa itace ba kaɗan ba ce.

Duk wanda ya sauka bakin Kwara a kasuwar Ose ta Anaca zai ga jiragen Nufawa da Kakanda da na Hausawa masu fataucin busasshen kifi. Gadar da aka gama ginawa a 1965 ta rage wa jirage aikin fito, amma ba ta raba talaka da kwalekwale ba. Ruwa yakan cika a Satumba da Oktoba, sa'an nan ya soma janyewa. To, a daidai lokacin nan ne busasshiyar iska ke isowa daga arewa, kuma jirgin da aka bari a kan rairayi, ko da na maɗaci ne ko loko, sai ya tsage.

Dabarar Sarkawa kuwa tsohuwa ce. Jirgin da ba za a yi aiki da shi ba, sai su cika shi da ruwa, su danne da duwatsu ya nutse a gefe, su ɗaure da igiya. Itacen da ya jiƙu ba ya tsagewa, gara kuma ba ta shiga kogi. In kuwa tilas a ajiye shi a tudu, sai a kife shi bisa gungume biyu ko tsofaffin tayoyi a inuwa, a rufe da zana ko ganyen kwakwa. Tamfol yana da kyau, amma masu ɗaure shi tamau kamar ƙunshin goro suna cutar kansu, gama in iska ba ta ratsawa, zufa takan taru a ciki, itace ya ruɓe.

Sai dai a lura, wannan dabara ta nutsarwa ta ruwan daɗi ce. Ɗan Arewa da ya kai ta Fatakwal zai yi hasara, domin rafukan can na gishiri ne, kuma akwai wata halitta mai kama da tsutsa wadda ke huda itace ta ciki. Daga waje jirgi lafiya lau, ciki kuwa kamar saƙar zuma. Can magani shi ne a jawo jirgi tudu ya sha iska na 'yan makonni, a toshe tsaguwa da tsumma, a shafe gindinsa da kwalta. Injin kuma, Yamaha ne ko wani, a ɗauraye shi da ruwan famfo, a zuƙe sauran mai, a jingine shi a tsaye cikin ɗaki.

Inugu ba ta da babban kogi, garin kwal ne da duwatsu. Amma ɗan kasuwar Ama Hausa da ya zuba jarinsa a kifin Anaca, in jirgin abokin cinikinsa ya tsage a Janairu, shi ma tirensa zai kwana ba kaya.