Jigon Naci a Fina-finan Almara da Ƙuncin Gona a Arewacin Kano

Ƙa'idar da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta sanar a watan Mayun 2024 ta bakin shugabanta Shaibu Husseini, wadda ta hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi a fim, ta ginu ne a kan zaton cewa kallo ke dasa kwaɗayi a zukatan matasa, kuma idan aka auna wannan zato da halin ƙauyukan Bichi da Dambatta da Makoɗa da Tsanyawa, za a ga cewa ya kama reshe ne ya bar tushe. Fina-finan almara, wato waɗanda labarinsu ya dogara ga aljanu da rikiɗa da asiri, suna da kasuwa a shagunan masu tura fim a waya na waɗannan garuruwa, kuma jigon da ya fi yawan dawowa a cikinsu shi ne naci, ma'ana ɗamfaruwar zuciya a kan abu guda, mace ko dukiya ko fansa, har mai ita ya daina ganin komai sai shi.

Jigon ya daɗe a idon mai kallo na Kano, domin fina-finan Indiya da suka mamaye silima irin su Plaza da Marhaba sun zo da shi. A Nagin na 1976 macijiya ce ke bin mutanen da suka kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya, a Nagina na 1986 kuma Amrish Puri ya fito a matsayin gardin da ya ƙare rayuwarsa wajen neman dutsen maciji mai ba da mulki. Fassarar Indiya-Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita suka yaɗa, ta cire shingen harshe, yayin da fina-finan gida suka kawo nasu siffofin: aljanin soyayya da ke hana budurwa aure, kishiyar da ke sintiri gidan boka don mallakar miji, da saurayin da ya sayar da imaninsa don kuɗi.

Dalilin da ya fi kowanne nauyi wajen karɓuwar wannan jigo yana cikin gona. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana kewayen Kano a matsayin yanki mai cunkoson manoma, inda ake nome kowace gona duk damina ba tare da hutu ba, ana riƙe ƙarfinta da takin gida da jujin birni. Daga wancan lokaci zuwa yau jama'a sun ninka, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba, rabon gado yana ta yanyanka gandu har kason ɗa guda ya kasa ciyar da gida na shekara, balle ya samar da sadaki da lefe da ɗaki. Saurayin da ya girma a haka, wanda ke dako a kasuwar hatsi ta Dawanau ko ya tafi cin rani kudu, yana ganin yarinyar da yake so an ba wa wanda ya fi shi hali, yana kuma sane da cewa ƙwazon fartanya ba zai cike tazarar ba. Labarin mutumin da buri ɗaya ya cinye, wanda hanyar halal ta toshe masa har ya nemi ta ɓoye, siffar damuwarsa ce da ya riga ya sani kafin ya kunna waya. Bambancin da ke tsakanin wannan da tsohon adabi ya isa abin lura, domin a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam nacin jarumi abin yabo ne da ya kai shi ga biyan buƙata, alhali a yawancin fina-finan yau mai naci hauka ko mutuwa ke jiransa, abin da ke nuna raguwar yarda da cewa dagewa tana kai talaka wani wuri.

Illar da ta cancanci damuwa ita ce yadda waɗannan fina-finai ke ɗauke alhakin naci daga kan mutum su ɗora wa aljani ko sammu. Idan saurayi ya addabi yarinyar da ta ƙi shi, sai a ce an yi masa asiri. Idan budurwa ta ƙi zaɓin iyaye, sai a ce namijin dare ya aure ta, a shiga ruƙiyya da hayaƙi ba tare da an saurari dalilinta ba. Wannan fahimta ta girmi fim, amma fim yana sabunta ta kowane dare, kuma tana cikin abubuwan da ke sa iyali su ƙarar da hatsi da dabbobi a hannun masu magani kafin su tuna da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kusa da su.

Malamai da masu tace fim suna da hujjar da ba za a watsar ba, cewa nuna boka yana aiki da sakamako a fili na iya ƙarfafa mai raunin imani, ko da an halaka bokan a ƙarshen labari. Sai dai ikon hukuma bai kai inda matsalar take ba. Dakatarwar da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta yi wa fina-finai masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, ta faɗa ne kan shirye-shiryen da ke da ofis da sunan mai shiryawa, yayin da fassararrun fina-finan macizai da aljanu ke wucewa daga memori zuwa memori a rumfar mai cajin waya ta kasuwar ƙauye, inda jami'in tacewa ba ya zuwa.